Na cire link ɗin matar da ta koya mani sana'a

Assalamu alaikum admin da 'yan wannan zaure. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya mani a rai, ko abinci ba na jin daɗinshi.

Ni 'yar Ƙanƙara ce, ina da aure da yara, sana'ata kayan miya busassu, kuka, kuɓewa, daddawa, yaji. Wadda ta fitar da ni daga kasa kaya a ƙofar gida wata baiwar Allah ce, bari in kira ta Yaya Hauwa, ba sunanta ba ne. Ɗiyar ƙawar mahaifiyata ce, asalinsu wani ƙauye wajen Faskari, rashin tsaro ya sa suka bar gonakinsu suka koma Sabuwa. Zuma da man shanu take sayarwa, da su take riƙe gidan tunda mijinta ba ya samun zuwa gona. Ita ta fara buɗe shafin intanet, ita ta zaunar da ni ta nuna mani yadda ake ɗaukar hoton kaya a ɗora. Da nawa shafin ya tsaya da ƙafafunshi sai ta ce mu yi musayar link, in sa nata a shafina ta sa nawa a nata, wanda ya zo neman zuma ya danna ya faɗo wurin kukata, mai neman kuka ya ga zumarta. Kwastomomina na farko duk ta wurinta suka biyo. Tafiya ta yi tafiya nawa ya fi nata jama'a, don kayan miya kullum ana nema, har ya zama yawancin masu kiranta daga wurina suke zuwa.

Bayan babbar salla wani mai babban shafin kasuwanci a birni ya kira ni, ya ce ya ga kayana, yana so mu yi musaya, zai sa link ɗina a fuskar shafinshi inda kowa ke gani. Sharaɗi ɗaya, shi ma yana sayar da zuma, don haka sai na cire na Yaya Hauwa. Na yi shawara da maigidana, ya ce kasuwa ba ta san zumunci ba, har muka ɗan yi cacar baki, ya ce in na bar damar nan kar in ƙara yi mashi kukan ciniki. Na cire. Ban gaya mata ba, na ce a raina ba za ta lura ba tunda ba ta cika duba shafina ba.

Gaskiya ciniki ya buɗe. Oda daga garuruwan da ban taɓa takawa ba, har na ɗauki mata uku a unguwarmu suna yi mani daka da tankaɗe, ɗaya marayu take riƙo.

Ranar kasuwar da ta wuce sai ga Yaya Hauwa, ta shigo motar haya a wannan hanyar tamu mai ramuka, ta zo mani da kwalbar zuma. Ta rame. Bayan mun gaisa ta miƙo mani wayarta ta ce, "Ƙanwata, ke yanzu kin fi ni sanin abin nan, duba mani, ko wani abu na taɓa ya lalace. Waya ta daina shigowa. Ko dai zumar ce ta daina daɗi mutane ke jin kunyar gaya mani?" Na karɓa. Ina buɗe shafinta na ga link ɗina a can sama, ta rubuta a ƙasanshi wai ƙanwata ce, ku saya da zuciya ɗaya. Na ce mata ƙila matsalar netwok ce. Ta ce to Allah ya kawo mafita, ta yi mani addu'a, ta ce ta ji labarin kasuwata ta buɗe kuma ta ji daɗi.

Da ta tafi na kira mutumin na roƙe shi ya bari in mayar da nata ko a ƙasan shafi ne, ya ce ranar da ya gani ranar zai cire nawa. Maigidana ya ce in yi shiru kawai, in riƙa yi mata alheri lokaci-lokaci. Amma ni na san ba kyauta take nema ba, masu saye take nema, kuma ni na rufe mata ƙofar.

In na mayar, matan da ke mani aiki zan sallama. In na bari, gidan Yaya Hauwa ne ke ciki. 'Yan uwa ya zan yi? In mayar a ɓoye in yi kamar ba a yi komai ba, ko in hau mota in je Sabuwa in gaya mata da bakina? In kuma na je, da wane ido zan kalli matar da har yanzu take zargin zumarta?