Allurar da Na Hana a Yi wa Baba

Tsiga, daren Talata, Agusta 1984

Yau na yi musu da Baffa Sale, ni da ko gaishe shi nake yi kaina na ƙasa.

Baba na fama da tari, sai Baffa ya kirawo mai allurar nan da ke yawo a keke. Na duba kwalbar, fenisilin ce. Ita aka yi wa Baba bara fuskarsa ta kumbura, ya dafe ƙirji yana gumi, ya faɗi. Likita a Funtua ya ce jikinsa ba ya karɓar ta, ita ta matse masa hanyoyin jinin zuciya, in aka sake ba lalle ya tashi ba.

Na tare ƙofar ɗaki. Baffa ya ce, "Ke Hauwa, bokon naki har ya kai ki koya wa manya? Kowa ya san allura ta fi ƙwaya!"

Na ce, "Baffa, sai dai ku ture ni."

Mutumin ya tattara kayansa ya tafi. Inna ta ce in ba Baffa haƙuri. Gobe zan durƙusa in gaishe shi kamar kullum, amma ba zan ce na yi laifi ba.