Ranar da Na Auna Ruwan Addu'a

Badarawa, Kaduna.

Zuwa ga Yaya Maimuna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Alhaji Rabe da yara duka. Yaya zafin Yola, yaya kuma ciwon gwiwar nan? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau. Inna ta samu ƙarfi har ta koma faɗa da masu tallan kayan miya, ƙaninmu Aminu kuma an dawo da shi ofishinsu na Kawo, ya huta da sammako.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba alhali ga waya. Sau uku ina danna lambarki ina kashewa, don bakina ya kasa ɗaukar maganar. Zancen 'yarki ne, babbar 'yata, da ta zo wurinki sati uku ke nan. Na tabbata hutu ta ce miki ta zo yi, don ba za ta tona ni ba. To ni na kore ta, ko da yake ban ce mata ta tafi ba.

Kin san taron zumuncinmu na ƙarshen wata. Wancan karon a gidana aka yi, kuma da yake shekara ashirin da biyu ina aikin gwajin ruwa a ma'aikata, dangi sun ɗauke ni malamin kimiyya, ni ma ban taɓa musawa ba. Aka ce in yi nasiha. Na fito da wani bidiyo da ke yawo a waya, wai ruwan da aka yi wa addu'a yana canja siffa idan ya daskare, na ce ga shi kimiyya da kanta ta tabbatar akwai Allah. Ana ta kabbara, kaina yana ta kumbura. Sai yarinyar nan, daga can wajen mata, ta tambaya cikin ladabi ko na taɓa gwadawa a ɗakin gwajinmu. Ta ce abin da ta fahimta a jami'a shi ne kimiyya halitta kawai take aunawa, ba ta da ma'aunin da zai kai ga Mahalicci, don haka ba za ta tabbatar da Shi ba, ba za ta kuma kore Shi ba. Ta ce tsoronta mutum ya jingina imaninsa da bidiyo, ranar da bidiyon ya zama ƙarya ya rasa madafa.

Yaya, kin san halina idan aka taɓa ni a gaban mutane. Ban saurari maganarta ba, dariyar da surukinmu Yusuf ya ƙunshe kawai na gani. Na miƙe na ce boko ya cinye mata imani, ban san na haifi mai shakkar Allah ba. Haka na faɗa, a kan yarinyar da ita ke buga mana ƙofa da asuba, kuma a gaban mahaifiyar Sharhabil, saurayin da ke nemanta, wadda matata ta gayyato don a saba. Yarinyar ta ci gaba da hidimarta. Ta gama raba wa baƙi abinci, ta wanke kwanuka, bayan kwana biyu ta hau mota. Tun daga ranar mutanen Sharhabil suka yi shiru da zancen kawo gaisuwa, matata kuma ta je gidan suna ta ji ana nuna ta wai ga uwar yarinyar da ta bar addini. Kin san abin da irin wannan magana ke jawowa a garin nan, kuma ni na ɗora mata.

Taurin kai ne ya sa na gwada, wai in samu abin rufe wa yarinyar baki. Na ɗebi ruwa kwalba biyu daga famfo ɗaya, na yi wa ɗaya addu'a da murfinta a rufe don kada tofi ya ɓata gwajin. Na auna duk abin da muke aunawa, na daskarar da su, na duba a madubin da muke ganin ƙwayoyin cuta, har sau uku. Babu bambanci ko kaɗan. Abokin aikina Istifanus ya tarar da ni ina ta juya kwalabe, da na gaya masa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shekararsa hamsin yana zuwa coci bai taɓa tunanin neman Ubangiji a firiza ba. Ana cikin haka aka kira azahar, na yi alwala na bi jam'i kamar kullum. Sai da na sallame na lura gwajin bai rage min komai ba, imanina yana nan inda yake. Abin da ta faɗa ke nan tun farko. Wallahi na daɗe a zaune a masallacin nan, kunya ta hana ni tashi.

Jiya na je gidan su Sharhabil, na zauna a gaban mahaifinsa na ce ƙarya na yi wa 'yata. Ya saurare ni har na gama, ya ce za su yi shawara, ban san abin da za su yanke ba. Taron wannan watan a gidan Yusuf za a yi, kuma zan miƙe a gabansu in janye maganata, ya yi dariyarsa a fili. Abin da ya gagare ni ita ce. 'Yar fari ce, tun da aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, balle in buɗe baki in roƙe ta gafara. Ina jin nauyin ambatonta a gaban mutane, amma ban ji nauyin tozarta ta a gabansu ba.

Ki gaishe min da Alhaji Rabe, da Nura da amaryarsa, da Ilham. Inna da matata suna gaishe ku. Ita yarinyar kuma kada ki yi mata wani bayani, ki miƙa mata takardar nan ta karanta da kanta. Idan ta yarda ta dawo, ki gaya min ranar, ni zan je tashar Kawo in tsaya, ba zan aiki kowa ba. Idan ba ta yarda ba kada ki matsa mata, tana da gaskiya.

Nafisat, ki yafe wa babanki.

Wassalam. Naki ƙani,
Tijjani