Ya Haƙuri, Amarya?

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da Mama. Tunda kin daina ɗaga wayata, na ba direba wannan takarda ya kawo miki.

Abin da ya faru a bikin 'yar ogana ya sa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina tsaye Mama ta kama hannun amarya a gaban dangin ango ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya ba ki dangana." Gaisuwar mutuwa a wurin biki! Har yau na kasa haɗa ido da mutumin a ofis. Kin san tana da ciwon mantuwa, me ya kai ki zuwa da ita? Kuma na ji kullum kina jan ta zuwa shagon ɗinkinki, tana zaune a bakin ƙofa kowa na kallo. Daga yau ta zauna a gida. Mutuncinta nake karewa.

Ki huta lafiya.
Yayanki

Yaya,

Ina gaishe ka da girmamawa, a gaida matarka da yara. Mama lafiyarta ƙalau. Ga ta nan gefena tana ware min maɓallai, baƙaƙe daban, farare daban. In ta gama sai in faki idonta in sake cakuɗa su.

Rabin labari ka bayar. Amarya dariya ta yi har da hawaye, ta rungume Mama. Wata gwaggon ango ta ce duk taron nan tsohuwar nan ce kaɗai ta faɗa wa yarinya gaskiyar aure. Kai kaɗai ka sulale waje, ko sallama babu.

Ka taɓa tambayar dalili? Rabon Mama da ta ga takalma sun cika ƙofar gidanta tun zaman makokin Baba. A nan tunaninta ya tsaya. Duk inda ta ga taro sai ta zaci rashi aka yi, sai ta yi abin da mutanen kirki ke yi, ta miƙa gaisuwa. Sunana ya ɓace mata, "yarinyar nan mai keke" take ce min, kuma wallahi yana min ciwo. Amma ladabinta yana nan daram.

Duk layinmu sun san da haka. Mai gyaran takalma in ta ce masa "ya haƙuri", cire hula yake ya ce, "Da godiya, Mama." Mai kitso takan zo ta zauna su yi ta hira, wadda ba kai ba gindi, amma da dariya suke rabuwa. Masu kawo ɗinki kuwa ba mai wucewa sai ta duba yadinsa ta kushe.

Ba zan kulle ta ba, Yaya. Wanda aka jingine a ɗaki kamar tsohuwar katifa ba mutuncinsa aka kare ba, kunyar masu shi aka rufe. In haɗa ido da oganka ya gagare ka, ka sayi tabarau.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanwarka, Auta

Auta,

Ina gaisuwa. Na san kin dawo daga sayen yadi kin tarar ba ta nan. Ni na zo na ɗauke ta, kada ki ga laifin mai kitso, ta yi iya ƙoƙarinta har da tare ƙofar mota. Na ba Mama ɗakin sama, akwai fanka da talabijin, ba hayaniya, na kuma samo mai kula da ita. Ni ne babba, magana ta ƙare.

Yayanki

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Shiru ba amsa, na san fushi ne.

Tun makon da ta zo bakinta ya mutu. Da farko takan tambaya ina mutane suka tafi, yanzu ta daina. Abinci sai an yi da gaske take cin loma biyu. Tana wuni a jikin taga tana murza bakin mayafinta. Jiya na durƙusa na gaishe ta, ta dube ni kamar bango. Da ma gaisuwar mutuwar ce ta yi min, da na ji sanyi.

Likita ya ce ciwon ne yake gaba, haka yake yi. Ina so ki zo ki gan ta tun da sauran lokaci. Gani kawai, ba ɗauka ba. Ina tsoro, Auta.

Yayanki

Yaya,

Barka da dawowa daga aiki. Wannan takarda a kan teburinka na bar ta. Na zo na gan ta, na kuma ɗauke ta. Kada ka nemi mai laifi, matarka da kanta ta riƙo mana jaka har bakin titi.

Ban ƙaryata likita ba, ciwon yana gaba, kuma ba ni da maganinsa. Amma zai same ta a cikin mutane.

Bayan mun fita sai da na dawo gidanka na ƙara maka wannan. Muna tsaye muna jiran bas, kwandasta ya leƙo yana kiran fasinja, wandonsa a rabin gindi. Mama ta ɗaga kai ta ce, "Kai, ɗan wane ne kai? Ja wandonka!" Ya ja kuwa. Ni kuma na tsaya a bakin titi ina kuka, bas ɗin ta tafi ta bar mu.

Asabar ƙanwar mai kitso za ta yi aure, kuma sun ce in babu Mama kada in zo. Za mu je. In ka kawo mota, kai za ka riƙo hannunta ku shiga.

Sai mun gan ka.
Auta