Murhun Jegon Manal

Asabar, 23 Nuwamba 2024

’Yata Manal ta zo da mijinta Rakan. Ciki wata takwas, tana tafiya tana dafa bango. Bayan shayi na tambaye ta yaushe za ta taho gida wankan jego, tunda haihuwar fari ce. Ta dubi Rakan, Rakan ya dubi carbinsa. Ta ce a gidansu na unguwar Zahir, nan cikin Makka, za ta zauna, akwai sakkan, tankin dafa ruwa na lantarki, ruwan zafi ba ya yankewa. Sai ta ƙara da Hausarta mai tsallen Larabci: “Baba, wa zai yi min a nan? Mama ba ta nan.”

Shekara biyu da rasuwar matata Rumasa'u, Manal ba ta kwana ko sau ɗaya a gidan nan ba. Iyakarta falo. Ɗakin uwarta kuwa ko labulensa ba ta ɗagawa. In ta yi arba'in ɗinta a wani wuri, na san shi ke nan, gidan nan namu na Utaibiyya ya zama wurin gaisuwar Juma'a. Abin ya tsaya min a rai, ban ɓoye wa kaina ba.

Litinin, 25 Nuwamba

Na je wurin Yaya Yalwa a Jarwal. Ta ce wanka kam ita za ta yi, ’yar ƙaninta ce, amma ba da ruwan sakkan ba. Wai ruwan lantarki ba ya shiga ƙashi. Sai na itace, ya tafasa, kuma ruwan jego in bai sa mace ihu ba to wanke ƙafa aka yi. Ta kuma ce a Kano a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi aka kwantar da ita.

To ai ga ni. Shekara talatin da biyar ina walda, ba za a ce ruwan zafi ya gagari gidana ba. Na zana abin a bayan kalanda: murhu a tsakar gida jikin bangon ɗakin Rumasa'u, bututun jan ƙarfe a naɗe cikin wuta, ganga a sama. Ruwa in ya yi zafi da kansa yake hawa, ba ya son famfon turi. Reshe ɗaya ya ratsa bango ya bi ƙarƙashin gado, ɗaki ya ɗumama, hayaƙi na waje.

Laraba, 4 Disamba

Na yanke tsohon tankin sakkan ya zama cikin murhu, na kewaye shi da jan bulo da laka. Maƙwabcina Issoufou, mutumin Maraɗi, ya leƙo ta katanga ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Mu'allim, mi kake ginawa haka?” Da na faɗa masa sai da ya riƙe ciki don dariya. Wai a Makka, garin da ake kwana da na'urar sanyaya ɗaki har cikin Janairu, ni ne zan ƙera abin ɗumama ɗaki. Na ce masa mai jego ba ta san Makka ba, sanyin asuba kawai ta sani. Duk da dariyar, shi ya riƙe min tsani.

Itacen daji an hana sara, kuma ban yi shekarun rigima da hukuma ba. Wani kafinta a bayan masallaci ya ce in kwashe guntayen katakonsa, dama sun ishe shi.

Alhamis, 12 Disamba

Wutar farko. Hayaƙi ya cika unguwa, matar Issoufou ta kwashe shanyarta tana magana da bango don in ji. Laifina ne, bututun hayaƙin ya yi gajere, kuma akwai katako mai fenti a ciki. Amma da na sa hannu ƙarƙashin gadon na ji ɗumi. Ni kaɗai a ɗakin ina ta murmushi kamar wanda aka yi wa albishir.

Juma'a, 13 Disamba

Na ƙara wa bututun hayaƙi tsawo, na ware katako mai fenti gefe.

Talata, 17 Disamba

Yaya Yalwa ta zo duba aiki. Ta tsoma yatsa a bokiti, ta taɓe baki, ta ce da wannan ko kaza ba za a fige ba. Na ji haushi, ƙarya ne in ce ban ji ba. Bayan ta tafi na lura zafin yana gudu ta ƙaramin bututun da na bari a saman ganga don tururi ya fita. Na toshe shi da ƙusa mai zare. Na san ba a yi. Yaran da na koya wa aiki da yawa na ja wa kunne a kan haka. Amma ina so ta dawo ta tsoma yatsa ta janye da sauri.

Laraba, 18 Disamba

Mahaɗin bututu ya ɓalle. Ruwan ya ƙona min hannun hagu daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Da hannun dama nake rubutu, alhamdulillahi. Na sa doguwar riga mai hannu, ban faɗa wa kowa ba.

Juma'a, 20 Disamba

Asiri ya tonu. Na miƙa wa Rakan kofi, hannun riga ya zame. Manal a kantin magani take aiki, kallo ɗaya ta yi ta gane. Ta tambayi inda akwatin magani yake. Na ce yana inda yake kullum. Ta tsaya jim, sannan ta ɗaga labulen ɗakin uwarta ta shiga. Ta daɗe fiye da ɗauko akwati. Da ta fito idonta ya yi ja, ta ce me ya sa gadon yake da ɗumi. Na kai ta tsakar gida na nuna mata, ina ta bayanin yadda ruwa ke hawa.

Tana naɗa min bandeji ta ce, “Baba, in ruwan nan ya yi maka haka, ni fa?” Ta ce likitarta ta ce jininta ya hau, ba ruwa mai ƙuna, ba kunun kanwa, ba kwanciya a kan zafi. Ni kuma bakina ya riga hankalina. Na ce uwarki sau huɗu ta yi haka. Ta ɗaure bandejin, ta gyara min hannun riga, ta ce wa Rakan yalla, su tafi.

Asabar, 21 Disamba

Ban hura wuta ba.

Bayan haihuwar autanmu ƙafafun Rumasa'u sun kumbura, tana hawa bene tana haki. Muka ce gajiya ce, aka ƙara wa ruwa wuta. Ni na riƙa ɗauko bokitan. Ciwon zuciyar da ya ɗauke ta ya zo bayan shekaru da yawa, kuma ajali ba ya wuce ranarsa. Ni ba likita ba ne, ban san ko akwai haɗi ba. Amma yau na kasa cin abincin rana.

Alhamis, 26 Disamba

Na cire ƙusar, na sa bututun tururi mai faɗi wanda ba mai iya toshe shi, har ni. Na jawo layin ruwan sanyi na haɗa da na zafi a kan famfo ɗaya, irin na otal-otal. A kan reshen da ke shiga ɗaki na sa makunni, a rage a ƙara. Issoufou ya ce to yanzu na gina murhu kuma ina gina maganin murhu. Na ce gyaran aiki ne kawai.

Na ɗauki hoton famfon na tura wa Manal, ban rubuta komai ba. Ta gani. Ba ta ce komai ba ita ma. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Lahadi, 29 Disamba

Mun yi da Yaya Yalwa. Ta ga famfon sanyi ta ce na zama Bature da tsufana, in ruwan ɗumi za a yi to a kira ’yar aiki, ba ita ba. Na ce mata, “Yaya, ko ta zo ta yi da ɗumi, ko ta zauna a Zahir ta yi ba mu. Zaɓi ɗaya.” Tunda nake ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ta ɗauki abayarta ta fita ba sallama. Da la'asar sai ga saƙo, wai in nemo ganyen darbejiya tun yanzu in san inda ake samu, kada ranar ta zo ina kame-kame.

Alhamis, 9 Janairu 2025

Mace. Da hantsi, a asibiti. Uwa lafiya, ’ya lafiya. Na yi wa jaririyar kiran salla a kunne. Allah ya raya.

Asabar, 11 Janairu

An sallame su. Ina tsakar gida ina jera katako don kada in zauna ina sauraren titi, sai na ji mota ta tsaya. Manal ta shigo a hankali, Rakan na biye da jaka ɗaya ƙarama. Ta ce kwana biyar, zuwa suna, daga nan za ta gani. Ta fito da ma'aunin zafi daga jakarta ta ba ni, ta nuna min lambar da ruwa ba zai wuce ba. Na ce to. Yaya Yalwa ta kalli abin kamar an ajiye mata kunama, amma ta karɓi ganyenta ta shiga banɗaki.

Ban ji ihu ba. Na ji Yaya tana faɗa, na ji Manal tana dariya.

Alhamis, 16 Janairu

Suna. Ghada. An ci an sha, mata sun cika gida har tsakar gida, kowace sai ta tsaya ta kalli murhun. Wata tsohuwa ’yar Sakkwato ta ce a sa mata rana ta zo ta gasa gwiwoyinta. Matar Issoufou ta kawo tuwo babbar roba, maganar shanya ta wuce.

Kowa ya watse, ina jiran in ga an fito da jaka. Ban tambaya ba.

Lahadi, 19 Janairu

Kwana tara ke nan da fara wanka. Rakan ya zo jiya da akwati biyu manya da gadon jariri, ya ce in taya shi shigarwa. Na taya shi, muka yi hirar cunkoson hanyar Zahir.

Yanzu aikina safe da yamma. Katako huɗu da asuba, uku da la'asar, in tsoma ma'auni kafin Yaya ta iso. Yau ya haura lambar da ɗan kaɗan, na zare guda ɗaya daga wuta na kashe shi a yashi. Yaya ta fito tana mita, wai wutar nan kullum ƙara lalaci take, a zamaninsu da an kori mai hurawa. Na ce mata katakon kafinta ne, ba shi da ƙarfi.

Katakon lafiyarsa ƙalau.

Da azahar na wuce ta ƙofar ɗakin, labule a ɗage. Manal ta yi barci a gadon, Ghada a gefenta, ta bar makunnin a rabi. Na koma tsakar gida na lissafa katakon da ya rage. Zai kai kwana talatin da ɗayan da suka rage a arba'in, in na ci gaba da zarewa.