Surukinmu a Bakin Ƙofar Likita

Zuwa ga Shugabar Asibitin Iyali na unguwarmu ta Hajj Yusuf.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ce Zainabu mai shayi ta bakin tashar raksha, keken haya mai ƙafa uku. Na zo da godiya da kuka, amma godiyar ta fi yawa.

Na ɗaya. Kun kyauta da kuka fara gwajin sankarar bakin mahaifa. Sankarar nan ce ta ɗauke mahaifiyarmu. Sai da ta ci ƙarfinta aka kai ta babban asibitin Soba. Shi ya sa duk inda mata suka zauna shan jabana, wato gahawa, nake musu wa'azin gwaji, har sun laƙaba mini Daktora.

Na biyu. Ganin da Larabci ake aiki a asibitin, Larabcin tsofaffinmu kuwa na cefane ne kawai, kuka ajiye Usman a teburin ƙofa, yana tambayar kowace mace da Hausa abin da ya kawo ta. Yaron kirki ne. Sai dai mijin 'yar yayata ne, Yaya Halima, kuma danginsu sun auri rabin unguwar. Ranki ya daɗe, a wajenmu suruka ko ruwa ba ta sha a gaban surukinta, balle ta ambaci mahaifa.

Na uku. Yaya Halima tana ganin jini, alhali al'adarta ta daɗe da ɗaukewa. Da ƙyar na jawo ta. Tana hango Usman ta ja mayafinta na tobu ta rufe fuska, ta ce kanta ke ciwo. Shi ma ya sunkuyar da kai kamar ya nutse. Muka dawo da ƙwayar ciwon kai. Da muka koma, sai ciwon ya sauka gwiwa. A raksha mun yi dariya har da hawaye, amma wallahi tsoro nake ji.

Roƙona: ku sa mace a teburin nan, wadda ba 'yar unguwa ba, ko ku bar mai son gwaji ta wuce kai tsaye wajen likita. Kada a kori Usman, a mayar da shi ɓangaren maza, shi ma ya huta.

Ku hanzarta don Allah. Kan Yaya lafiya lau, gwiwarta ma haka, jinin ne bai tsaya ba. Uwa na rasa ta wannan hanya, ita kaɗai ta rage mini.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya yi wa zuriyarki albarka.

Wassalam.
Zainabu mai shayi