Waken da Aka Kulle a Kabad

Inna,

Ina gaishe ki. Ya jikin Baba, ya su Auta? Ni lafiya lau, aikin ba yawa, sai dai tsayuwa.

Anti, 'yar masu gidan da nake wa aiki, tana karatun halittu a jami'a. Ta shuka wake a gwangwani ta kulle a kabad. Na gan shi fari fat, ya ba ni tausayi, na fitar da shi rana. Ashe gwaji ne, ana duba yadda tsiro yake yi a duhu. Ta ce, "Ƙanwata, kin mayar da ni farko."

Na ɗauka korata za a yi. Inna, har na ninke kayana, kuma raina bai ɓaci ba. Sai Anti ta yi dariya, ta bar min waken.

Ina nan ke nan. Namu waken na bayan ɗaki ya fara fure?

'Yarki