Gwiwar da Ba Ta Cikin Fayil

Zuwa ga Baba Sajan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ka yi haƙuri da na rubuto maka kai tsaye. Ban taɓa yi ba, kuma Baba bai sani ba.

Gwiwar Baba ta hagu ta ƙi. A ma'ajiyar simintin da yake gadi, yanzu sai ya dafa bango yake iya tura ƙofa. Malamarmu ta ce akwai ofishin tsofaffin sojoji inda ake cike wa mutum takardun neman haƙƙinsa kyauta. Na je. Matar da ke kan tebur, kowa Anti yake ce mata, ta zauna da ni awa biyu muka cike fom na neman a yi masa aikin gwiwa.

Aka kira Baba gaban likita. Ka san me ya yi? Ya goge takalmi, ya jingine sandarsa a waje, ya shiga da maci. Likita ya ce, "Ina ke maka ciwo?" Ya ƙame ya ce, "Babu, ranka ya daɗe." Likita ya rubuta abin da ya gani. An ƙi mu.

Anti ta ce muna da kwana talatin mu nemi a sake dubawa, amma a fayil ɗinsa na soja babu ko layi ɗaya a kan gwiwa. Dole sai wani da suka yi aiki tare ya rubuta shaidar cewa a bakin aiki ya ji ciwon. Mama ta ce kai kaɗai ka sani. Don Allah ka taimake mu.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikis salam. Rubutunki ya yi kyau, amma kin sa hannu a abin da ya fi ƙarfinki.

E, ina wurin. Daga bayan mota ya faɗo da akwatin harsashi a kafaɗa, na ji ƙarar gwiwar da kunnena. A lokacin duk wanda ya kai irin wannan ciwo asibiti, sallama ce, ga mahaifiyarki da cikin fari. Shekara tara ni nake ɗaure masa ita da bandeji kowace safiya kafin fareti. Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba.

Yanzu ke 'yar aji biyar za ki sa in rubuta wa gwamnati cewa ni da mahaifinki Dogo mun yi wa hafsoshinmu ƙarya shekara tara? Ina wannan ofishi yake lokacin da yake cije leɓe a layi? In yana so, ya rubuto min da hannunsa. Ki gaida mamanki.

Sajan

*

Zuwa ga Baba Sajan,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Na yi abin da ka ce, na durƙusa na roƙi Baba ya rubuto maka.

Ya ce, "Soja ba ya roƙo."

Na ce, "Ba roƙo ba ne, Baba, haƙƙinka ne."

Ya ce, "Uwata, da na san boko zai sa ki bi ofis-ofis kina tona min asiri, da keken ɗinki na saya miki."

Mama ta ce, "To Janar, in an yanke ƙafar, da wace za ka yi macin?" Kwana biyu bai ci abincinta ba.

Ran Litinin ya faɗi a bakin ƙofar ma'ajiya, ga tirela tana jiran a buɗe mata. Direban ne ya ɗauke shi kamar buhu ya ajiye a benci. Manaja ya ce ƙarshen wata zai nemo mai ƙafa biyu.

Na tambayi Anti ko za a hukunta ku. Ta nuna min tarin fayil a bayanta, ta ce rabinsu na masu irin taurin kanku ne, kuma ba ta taɓa ganin an taɓa mai shaida ba.

Ni ban iya magana a gaban manya ba, shi ya sa nake rubutu, kuma raina a ɓace yake. Kun ɓoye ciwon don kada a kore shi. Ga shi za a kore shi saboda ɓoyon. Rantsuwarka ta ciyar da mu shekara tara, na gode. Yanzu gurgunta shi take yi, kana kallo. Kai da ka ɗaure gwiwar nan da hannunka, ka fi likita sanin yadda take.

Saura kwana shida. In na yi rashin kunya, ka yafe min.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Kin yi rashin kunya. Na yafe.

Ga shaidar, da kwanan wata da sa hannuna. Biyu na rubuta, don na san zai yaga ɗaya. Kaffarar rantsuwa tawa ce, babu ruwanki. In ya daina gaishe ni, ya daina.

Ki sanar da ni ranar komawa gaban likita. Ni zan raka shi. Har yau na fi shi igiya, in na ce ya ɗingisa, zai ɗingisa.

Babanki,
Sajan